Awakin da Ba Nawa Ba

Tobashina, ɗan ƙanwar ubana, ya ɗaure awakinshi da babur ɗinshi cikin gidana don masu tallafi su gan ni mai hali, shi kuma su gan shi matsiyaci. Da haka ya shiga cikin masu karɓar kuɗi, ni anka bar ni waje. Da kuɗin nan kuma ya karɓi gonar ubana jingina. Abin da ya yi min ke nan. Na sa shi a gaba don kada wani ya karanta rabi ya ce saɓani ne irin na 'yan'uwa, a zauna a sasanta. Ba saɓani ba ne. Ya san abin da yake yi tun daga igiyar farko da ya ɗaura a turkena.

Tare munka tashi da shi a ƙauyenmu, nan kusa da Gangara. Ya ɗan girme ni. Wanda ya san wasan tobasai ya san yadda muke: in mun haɗu ba gaisuwa sai zagi. Ya ce min bawa, in ce mai bawa, kowa da hujjarshi. Ya cire min hula a kasuwa, in kwashe mai takalmi a ƙofar masallaci. Ya taɓa shiga gidana ya kama zakara ya fita da shi yana dariya, na bi shi na ɗauke mai galma, ban maido ba sai da ciyawa ta kusa cinye mai gero. Ba a fushi. Wanda ya yi fushi da tobashi shi ake yi ma dariya. Uwarshi, gwaggona, ita ke zuga mu tun muna yara, in ɗaya ya yi kuka ta ce a ƙara mai.

Ni na ɗan taɓa boko. Ina aji biyar na firamare ubana ya kwanta ciwo, anka cire ni na kama gona. Ina iya haɗa baƙi, ina sa hannu ba dangwale ba, ina gane Turancin da ke jikin buhun taki. Shi ko ƙofar aji bai taɓa leƙawa ba. Amma yana kabu-kabu da babur tsakanin ƙauyuka da Sabon Birni, wani zubin har Isa, mai kabu-kabu kuwa kunne gare shi. Abin da za a yi a gari mako mai zuwa, shi ya riga ya ji shi daga bakin wanda ya goya. Bokona bai taɓa kawo min labari ko ɗaya ba.

Shekarar nan ba mu noma gonakin nesa ba, mutanen daji masu bindiga sun hana. Gona guda ta rage min, ta kusa da gari, wadda ubana ya bari, mai babban gawo a tsakiya. Abin da ta ba ni bai kai mu bazara ba. Rumbuna ya zama fanko tun sanyi bai gama fita ba, amma na yaɓe shi da sabuwar laka, na ɗora mai sabon jinka, kamar yadda ubana ke yi ko da hatsi ko babu. Magidanci ba ya barin rumbunshi ya tona mai asiri. Mai ɗakina tana yi ma mutane surfe a ba ta dusa da ɗan tsaki, ni ina ƙwadago inda na samu. Ɗiyanmu sun koyi cin tafasa ba su tambayar dalili. Turken awaki yana nan tsakar gida, amma akuyar ƙarshe ta tafi wajen maganin autarmu.

Wata rana bayan la'asar sai ga tobashina ya koro awaki da 'yan tumaki, yana tura babur a kashe.

"Bawa, hito ka karɓi dukiyar ubangidanka."

"Wace dukiya? Ta sata ko ta bashi?"

Ya yi dariya, sannan ya matso ya rage murya. Ya ce an tsegunta mai cewa mutanen daji sun sa ido ga gidanshi. Gidan kuwa yana bakin gari, ta nan ake fara shigowa, nawa yana tsakiya. Ya ce in riƙe mai su har abin ya lafa.

"Amana ta, ɗan kawu. Ko mai ɗakinka kak ka gaya ma nawa na."

"Mai ɗakina ko kashin awakinka ta gani ta san shi, bale su."

"To ta rihe bakinta."

A wurinmu ba a ƙin ajiya, kuma ba a faɗin mai ita. Tun da can haka ne, amma yanzu abin ya zama na rai da mutuwa. In ka buɗe baki cikin mutane ka ce bisashen ga na wane ne, kafin rana ta faɗi maganar ta isa daji, don ba ka san wa ke tsaye bayanka ba. An ɗauke mutane a kan abin da bai kai haka ba. Na karɓi igiya na ɗaure. Babur munka tura shi ƙarƙashin rumfa.

Har ya juya sai ya dawo, ya zaro babbar riga daga cikin buhu, shuɗiya, mai aiki a wuya, wadda yake zuwa Idi da ita.

"Af, na mance. Gobe baƙi za su zo daga birni, manyan mutane, gida gida za su bi. Kai ka yi boko, da kai za su tsaya magana. Kak ka hito musu da tsummokaran ga naka ka kunyata kawu cikin kabari."

Har godiya na yi mai. Wannan godiyar, in na tuna ta yau, sai miyau ya yi min ɗaci.

Mai ɗakina ta share gida tun daga zaure har bayan ɗaki. Ta aro tabarmar roba da kujeru a maƙwabta. Ta ciyo bashin nono wajen Bafulatanar da ke kawo talla daga ruga, ta dama fura da ɗan geron da muke ta lallaɓawa. Baƙi ne. Haka anka koya muna.

Da hantsi sunka iso. Mace ɗaya mai gilashi, namiji ɗaya riƙe da wata babbar waya kamar faranti, mai unguwa a gaba, rabin gari a baya, yara sun ɗare darni. Ba wanda ya gaya min abin da ya kawo su, in ban da mai unguwa da ya ce sun zo ganin yadda ake zaune. Matar tana da ladabi, ban ga laifinta ba. Ta sha furar, ta yaba hannun mai damu. Sannan ta gyara zama ta dube ni.

"Malam, sau nawa kuke cin abinci a rana?"

Gaban surukina, gaban maƙwabtana, gaban yaran da ke wasa da ɗiyana. Mi za ni ce? Na ce, "Alhamdulillahi, safe da rana da dare."

"Rumbun nan akwai hatsi ciki?"

"Akwai abin da Allah ya hore."

Namijin ya dangwala a wayarshi. Sannan ya nuna turke da haɓa.

"Dabbobin nan fa? Da mashin?"

Na dubi taron. Na ga fuskokin da na sani tun haihuwa, na ga wasu kuma da ban yarda da su ba. Na ce, "Ga su nan dai kuna gani."

Ya sake dangwalawa. Sunka tsai da ni gaban turke, cikin rigar Idin tobashina, babur na ƙyalli ta gefe, sunka ɗauki hoto. Har murmushi na yi, don matar ta ce in saki fuska.

Da sunka fita na bi taron da rigata, ina jin kaina wani abu, ina fassara ma mutane rubutun da ke bayan rigar namijin. A haka munka isa bakin gari, gidan tobashina. Ya fito da wata riga da ko akumarin jaki ba a yi da ita, kafaɗa a waje. Bai wanke fuska ba. Turke wayam, har kashin awakin ya share ya zubar, amma sauran gidan ya bar shi da datti. Matarshi, wadda ke da kwanonin samira jere har rufin ɗaki, tana zaune gaban murhu mai toka mai sanyi, tukunya a kife. Da kanshi ya hau rumbu ya ɗaga jinka ya ce su leƙa. Daga baya na ji hatsin yana ɗakin surukarshi. Anka tambaye shi sau nawa suke ci, ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, sai in an samu." Har muryarshi na rawa.

Ya ɗago ya gan ni cikin taro, ya kashe min ido ɗaya.

A nan na gane. Na ji rigar ta yi min nauyi kamar an jiƙa ta. Amma ko a lokacin ba halin in tona shi. In na ce awakin nashi ne, na faɗi mai ajiya gaban wanda na sani da wanda ban sani ba. Na tsaya ina kallo har anka ɗauke shi hoto gaban tukunyar nan a kife.

Washegari ya zo kwance bisashenshi. Akwai mutane zaune a zaurena.

"Bawa, ƙaƙa ka ga aikin? Wanga karo na ci ka, ba ka da ta cewa."

"Wane aiki?"

"Tallahi na, wawa. Kuɗɗi za a riƙa ba matan gida, da kati. Kai da bokonka ba ka sani ba?"

"Ka san haka kab ba ni riga?"

"Haba ɗan kawu, wasa na. Za su dawo zagaye na biyu a sa ka. Kawo rigata tun ba ka sa mata warin talauci ba."

Zauren ya fashe da dariya. Ni ma na yi, irin wadda haƙora kawai ke yi. Na shiga ciki na ɗauko riga na miƙa mai. Mai ɗakina tana bakin murhu, ba ta ɗago ba. Bashin nonon ma ba mu biya ba tukuna.

Katin ya iso, matan da anka zaɓa sunka fara zuwa Sabon Birni karɓa. Ba za ni yi ƙarya in ce kuɗin ba su yi amfani ba. Akwai wata tsohuwa bayan gidanmu, ɗiyanta maza sun tafi daji neman itace ba su dawo ba, jikoki sun rage a hannunta. Na ga hayaƙi ya fara tashi gidanta kullum. Ta sayi 'yar akuya, tana magana da ita kamar mutum. Wata ta kafa kaskon ƙosai. Wasu sun biya bashin mai magani, wasu yara sun sa takalmi karo na farko. Duk na gani da idona, kuma na ce Allah ya ƙara musu.

Amma na ga sauran ma. Ranar da kuɗi sunka shigo, tiyar gero ta tashi a kasuwa, kuma ba ta tambayar wa ke da kati wa ba ya da shi. Masu cire kuɗi da 'yar na'ura suna yanke nasu kafin mace ta taɓa. Maza suna tsaye nesa da layi, sun jingina da bango, kowa ya ƙura ma matarshi ido kamar ungulu ga mahauta. Akwai gidan da anka yi ta dambe a kan katin har igiyar aure ta tsinke. Da can in mace ta rasa gishiri ko daddawa sai ta miƙa hannu ta kan darni. Yanzu mai kati tana ganin kowa maroƙi ne, marar kati kuma ko gobara ta tashi gidan mai kati sai ta ce su kashe da kuɗinsu. A bakin rijiya mata sunka sa ma mai ɗakina suna, matar Alhaji mai awaki.

Abin da ya fi ci min rai shi ne garin ya koyi abin da tobashina ya koya mai. Mutanen da ubanninsu ke ɓoye yunwa kamar al'aura, yanzu in an ji ƙarar mota sai ka ga magidanci ya faɗa ɗaki ya fito da tsumma. An bar yaɓen rumbu. Wani dattijo mai furfura ya hana ɗanshi tada katangar da ruwa ya kayar, wai kada a ɓata mai shaida. Na ji da kunnena ana koya ma yarinya ƙarama yadda za ta ce ba ta ci komi ba tun jiya, ga maiƙo a bakinta.

Na ci bashin kuɗin mota na je Sabon Birni, ofishin masu tallafin. Na yi zaman benci har ƙafata ta mutu. Wani ma'aikaci ya saurare ni, ya nemo ni cikin kwamfuta, ya juyo min da fuskarta. Ga ni nan, riga shuɗiya, murmushi har kunne.

"Malam, wannan ba kai ba ne?"

"Ni ne."

"Awakin fa?"

"Ajiya ce."

"Duk wanda ya zo nan ajiya yake cewa. Ta wa?"

Na waiga. Bencin cike yake da mutanen yankinmu, kowa ya miƙo kunne. Na kuma tuna gwaggona tana raye, daga tukunyar gidan nan take ci. Ban ba da sunanshi ba. Ya ce in jira zagaye na gaba, ya kira na bayana.

Da damina ta matso mutanen daji sunka aiko: in ana son a yi shuka lafiya, a biya. Sun ji labarin tallafi tun kafin katin ya iso, don haka abin da sunka yanka ya fi na bara. Mai gari ya tara magidanta a ƙofar gidanshi, anka ce a raba bisa ƙarfin kowa. Sai na ji an sa ni cikin masu ƙarfi. Na miƙe na ce, "Jama'a ku ji tsoron Allah, kun san gidana."

Wani daga baya ya ce, "Mu dai da kunnenmu munka ji. Safe da rana da dare."

Anka yi dariya. Wani ya ce ai baƙi ma sun shaida, har da hoto. Babu mutum ɗaya a wurin da bai san awakin ba nawa ba ne. Amma duk abin da anka rage min, kansu zai koma. Tobashina yana zaune cikin marasa ƙarfi, kai a ƙasa, yana jan tasbaha.

Wannan biyan ba a jinkirta shi. Wanda bai kawo nashi ba ya ja ma gari duka. Na duba gidana, ba abin da za a ɗauka a kai kasuwa sai turmi da tabarya. Sai ga tobashina ya yi sallama, wannan karon ba zagi.

"Ɗan kawu, ba ni bari ka wulaƙanta ina raye."

Ya ce kuɗin matarshi sun shigo, ya haɗa da na kabu-kabu, zai biya min. Sai dai in ba shi gonar gawo jingina.

"Gara ni da bare. Gonar kawu ta, ba ta hita gida ba."

Munka yi gaban liman da mai unguwa. Sharaɗin irin na kowa ne: yana noma ta har ranar da na maido mai kuɗinshi, in kuwa ruwan shuka ya sauka ban kawo ba, shekarar tashi ce.

Ina tsaye a kan hanya na ga ya shuka ta. Na ga ya hau gawon da ubana bai yarda a taɓa shi da gatari ba, ya sassare rassan ya zube ma awakinshi. Ya aiko a ce in zo noman farko zai biya ni kamar kowa, har da ƙarin fura. Ban je ba. Na yi ƙwadago a gonakin wasu, waɗanda ubana ya taɓa ba iri. Da kaka ta yi, mai ɗakina ta riƙa fita da safe tana dawowa da 'yan zangarniyar gero cikin zane. Na san gonar da take zuwa kala. Na ci tuwon, ban tambaya ba.

Bayan kaka na tafi Isa cin rani. Na buga bulo, na yi ban ruwan albasa a fadama har tafin ƙafata ya tsattsage. Abin da na tara, zazzaɓin autarmu ya ci wani, bashin baya ya ci wani. Na dawo da zafin bazara, abin da ke aljihuna bai kama hanyar fansar gona ba.

Sai labari ya zo masu tallafi za su dawo, su sake duba gidajen da ke karɓa, su cire waɗanda sunka yi ƙarfi. Tobashina kuwa ya yi ƙarfi. Awakin sun hayayyafa, ya sayi san huɗa, ya kafa ma matarshi injin markaɗe a zaure. Irin wannan kaya ba ya shiga ɗakin suruka. Bai zo da kanshi ba, matarshi ya turo wajen mai ɗakina. Saƙon shi ne in sake karɓar ajiya har baƙin su wuce. In na yi, ya yafe kuɗin jingina gaban liman, gona ta dawo hannuna kafin shuka.

Mai ɗakina ta same ni ina gyaran ƙotar fartanya, ta tsuguna gabana.

"Malam, ka karɓa."

"In sake tsayawa gaban awakinshi a ɗauke ni hoto?"

"An riga an ɗauke ka. Mi za su ƙara maka? Kati dai ba mu samu ba, ko gona mu samu."

"Mutuncina hwa?"

"Mutuncin ga naka na gwada dahwa shi bara, bai nuna ba. Tahwasa ɗiyanka sunka ci."

Ba ta yi ƙarya ba. Na ajiye fartanyar na fita. Wallahi da niyyar karɓa na fita. Duk hanya ina gaya ma kaina gona ce, gonar ubana ce, sa da inji ba su cizo, kwana nawa ne. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, irin wanda ke nuna ruwan shuka bai da nisa.

Na sami tobashina a gonar yana sharar gona, shi da 'yan ƙwadago, suna tara kara suna cinna wuta. Gawon yana tsaye kamar wanda anka yi ma askin dole. Tun daga nesa ya hango ni, ya dafa ƙugu ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"Bawa! Ka iso? Na san yunwa za ta koro ka. Kak ka damu, rigarka ta nan, an wanke an buga. Wanga karo har hula za ni haɗa ma, ka hito kamar hakimi!"

'Yan ƙwadagon sunka kwashe da dariya. Ɗaya har ya yar da manjagara ya riƙe ciki.

Nan take na fasa maganar da na taho da ita. Na dubi bakinshi a buɗe, goro a haƙora, yana tsaye daidai inda ubana ke shimfiɗa buzu ya yi azahar. Na taka har gabanshi, inda zai ji numfashina. Dariyar ta mutu da kanta. Ban ɗaga murya ba. Na ce mai:

"Saurara, ɗan gwaggo. Daga yau kak ka ƙara ce min bawa, ni ma ba ni ƙara ce ma. Wasa shi na ka cire min hula ka maido, ka kama zakarana in ɗauke galmarka. Wanga ba wasa ba na. Abincin ɗiyana kac ci, kuma da amana kac ci shi. Ka zaɓe ni don ka san ko za a yanka ni ba ni hwaɗin mai ajiya. Abu guda da ya rage muna a garin ga, shi kas sa min a wuya kaj ja ni da shi kamar akuya. Ba ni karɓar sanka, ba ni karɓar injinka, ko kazarka ta shigo gidana za ni koro ta. Ba kuma za ni kai ƙararka ba, don gwaggo na ci daga tukunyarka, kuma ni ban iya aikin masu kai rahoto ba. Ka nemi wani wawan ka sa mai riga. Gonar ga ka noma ta bana, ka noma ta baɗi in kana so. Kuɗɗinka za ni kawo su gaban liman ko da tahin ƙahwata zai ƙare ga fadama, in na mutu ɗana ya kawo. In baƙin sun zo za ni tsaya musu da tawa riga, in sun tambayi sau nawa muke ci in hwaɗa musu gaskiya gaban surukina, abin da ubana bai taɓa yi ba har ya koma ga Allah. Wagga kunya kai kaj ja min ita, ba ni yahe ma. Ranar da na mutu, in ka zo, ka zo kamar kowa, ka yi salla ka tahi. Kak ka tsaya bisa makarata ka ce za ka yi wasan tobasai. Ba ni da tobashi."